Kowane Sashe da Zafinsa: Sarrafa Zafi a Tanderun Gasa Faifan Silikon

 

 

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara, ko a Farm Centre ta Kano ko a wata rumfa a Maraɗi, wataƙila ya ji mai gyara ya ce masa aisi ce ta ƙone. Aisin nan ita ce 'yar baƙar abar nan mai kusurwa huɗu da ke manne a allon waya. A cikin baƙin rufinta akwai ɗan yankin silikon, wanda a wasu wayoyin yake ɗauke da taransista biliyoyi. An yanko shi ne daga wani faifai zagayayye, kuma kafin a yanko shi faifan ya shiga wuta ya fita sau da dama, a tsawon aikin da kan ɗauki wata biyu ko uku. A kan wannan wuta zan yi magana yau.

Abin da nake so mu tashi da shi guda ɗaya ne. Hura wuta har ta kai digiri 1,000 abu ne da maƙeranmu suka iya tun kaka da kakanni. Inda gwanintar take shi ne a cikin tanderu ɗaya a ba kowane sashe zafin da ya dace da shi, a lokacin da ya dace, a kuma tabbatar cewa lambar da ma'auni ya nuna gaskiya ce. Duk digirin da zan ambata na ma'aunin Salsiyos ne.

Me ya kai faifai wuta?

Ana samun silikon daga dutsen kwaz, a tace shi har ya zama kusan babu komai a cikinsa sai shi. Yana narkewa a digiri 1,414. Daga narkakken ake jawo doguwar sanda a hankali, wadda ƙwayoyin zarrarta suke jere sahu-sahu ba karkata, bisa dabarar da Jan Czochralski ɗan ƙasar Folan ya gano a 1916. Sandar ake yankawa faya-fayai. A manyan masana'antu na yau faɗin faifai milimita 300 ne, kaurinsa kuma bai cika milimita ɗaya ba.

Silikon zalla ba ya yin aikin da muke so sai an yi masa abubuwa uku, kuma dukansu da zafi ake yi.

Na farko, a fito masa da fata. Idan aka gasa silikon tsakanin digiri 800 da 1,200 cikin iskar oksijin ko tururin ruwa, samansa yakan rikiɗe ya zama siririn gilashi wanda lantarki ba ya ratsawa. A 1955, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, Carl Frosch da Lincoln Derick suna gasa silikon sai tururin ruwa ya shiga bututunsu ba da niyya ba, faya-fayan suka fito da wannan fata, suka kuma gane cewa tana tare wasu sinadarai ta hana su shiga. Bayan 'yan shekaru Mohamed Atalla, haifaffen Misira, ya nuna a wannan ɗakin bincike cewa fatar da aka gasa da kyau tana kwantar da rikicin lantarki na saman silikon. Shi da Dawon Kahng ɗan Koriya suka gina a kan haka irin taransistar da ta cika wayoyinmu a yau. A 1965 Bruce Deal da Andrew Grove na kamfanin Fairchild suka fitar da lissafin da ke faɗin kaurin fatar idan an san zafi da lokaci, kuma har yanzu ana koyar da shi. Awa ɗaya a digiri 1,000 cikin busasshiyar oksijin takan ba da wajen nanomita 50, cikin tururi kuwa wajen 400. Nanomita ita ce milimita ɗaya a kasa ta gida miliyan.

Na biyu, a sa masa gauraye da gangan. Ana cusa ko harba ƙwayoyin boron ko fosforos ko arsenik a wuraren da aka zaɓa, domin su ne ke sa wani wuri ya kai lantarki ta wata hanya, wani ta wata. Zafi ne ke tura su ciki, shi ne kuma ke zaunar da su a gurbin da za su yi aiki, ya gyara ɓarnar da harba su ta yi wa jeren ƙwayoyin silikon.

Na uku, a shimfiɗa masa sabon rufi daga iskar gas. A zuƙe iskar bututu ta yi ƙasa sosai, a shigar da gas, zafi ya fasa shi, abin da ake so ya kwanta a kan faifai. Gas ɗin silen yakan ba da rufin silikon a wajen digiri 620. Haɗin daikulorosilen da amoniya yakan ba da rufin naitirayid tsakanin digiri 700 da 800. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Darajar digiri ɗaya

Mai sauraro zai iya cewa, in ana maganar digiri 1,000, mene ne digiri ɗaya? Amsar tana wajen Svante Arrhenius ɗan Suwidin, wanda a 1889 ya nuna cewa saurin haɗuwar sinadarai yana ninkuwa ne yayin da zafi ke ƙaruwa. Idan muka sa lambobin boron a lissafinsa, a kusa da digiri 1,000 kowane digiri ɗaya yana ƙara saurin tafiyar boron cikin silikon da kashi biyu zuwa uku cikin ɗari. Digiri goma ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Haka rufin silikon da ake shimfiɗawa a digiri 620: digiri ɗaya yana canza saurin kwanciyarsa da kimanin kashi biyu cikin ɗari.

Wajen shekarar 2005 fatar gilashin da ke ƙofar taransista ta sirance har ta kai nanomita 1.2, wato jeri biyar ko makamancin haka na ƙwayoyin zarra. Wanda ke aiki a wannan siranta ba shi da sararin yin kuskuren kashi biyar. Shi ya sa ake neman tanderu ya riƙe zafinsa, bambancin bai wuce rabin digiri zuwa digiri ɗaya ba, daga faifan farko har na ƙarshe, yau da gobe da wata mai zuwa.

Yadda tanderun yake

Tanderun farko a kwance suke, ana tura faya-fayai ta baki ɗaya. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka riƙa komawa ga na tsaye, irin waɗanda Tokyo Electron da Kokusai Electric na Japan da ASM na Holan suke ƙerawa. Ku ɗauko hotonsa a zuci daga waje zuwa ciki. Da farko akwai gangar ƙarfe da ruwan sanyaya ke zagayawa. Sai bangon da ke tare zafi. Sai wayar wuta a nannaɗe, galibi haɗin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom, irin wadda aka sani da sunan Kanthal. Sai doguwar tulluwar gilashin kwaz, wato bututun, rufaffiya a sama, buɗaɗɗiya a ƙasa. A cikinta ake ɗaga maɗori mai hawa-hawa, ɗauke da faifai 100 zuwa 150, tsakanin kowane biyu 'yan milimitoci. Maɗorin yana zaune a kan gindi, gindin a kan murfin da ke toshe bakin bututu daga ƙasa.

An ajiye wayar wuta a wajen gilashi da dalili. Ƙarfe da tagulla suna ratsa silikon mai zafi da sauri ƙwarai, ɗan kaɗan kuma ya isa ya kashe taransista. Gilashin kwaz ne katanga tsakanin wuta da faifai.

Ba a barin wayar ta zama zare ɗaya daga sama har ƙasa. Ana raba ta shiyya huɗu ko biyar ko fiye, kowace da nata lantarkin da nata ma'aunin. Mai tuyar waina ta san dalili. Gurbin tsakiyar tanda ya fi na gefe wuta, shi ya sa take gyara itace, take tura garwashi gefe, don wainar duk ta nuna tare. Tanderu ma zafi yana zurarewa ta sama da ta ƙasa, dole a ƙara wa shiyyoyin can ƙarfi. Ana kuma jera faya-fayan da ba na sayarwa ba a hawan sama da na ƙasa, su sha rashin daidaiton su kare na tsakiya.

Wani lokaci ma da gangan ake karkata zafin. A aikin shimfiɗa rufi, gas yana raguwa yayin da yake wuce faya-fayai, na farko su samu da yawa, na ƙarshe su samu saura. Sai injiniya ya ƙara wa shiyyar ƙarshe 'yan digirori, ƙarin zafin ya cike gurbin ƙarancin gas, kauri ya zo ɗaya.

Wa ya ce digiri 1,000 ne?

Nan nake so ɗalibai su kasa kunne. Ba wanda ke taɓa faifai da ma'auni yayin da ake aiki a kansa. Abin da ake amfani da shi tagwayen waya ne na ƙarfe iri biyu da aka haɗe kansu. Thomas Seebeck ya gano a 1821 cewa in mahaɗar ta yi zafi, ɗan lantarki yakan bayyana a ɗaya ƙarshen. A tanderun silikon ana amfani da filatinom da haɗin filatinom da rodiyom, domin suna jure wuta, ba sa kuma ƙazantar da wuri. Abin da suke bayarwa a digiri 1,000 kimanin milibolt 10 ne kacal. Digiri ɗaya kuwa kusan kashi ɗaya cikin dubu ne na wannan. Sako-sakon dunƙulen waya, ko canjin zafi a akwatin da wayoyin suka ƙare, ya isa ya sa ma'auni ya yi ƙarya.

Ma'aunan kala biyu ne. Akwai waɗanda aka soko ta bango suka tsaya kusa da wayar wuta. Suna jin canji nan take, amma zafin waya suke faɗa. Akwai kuma waɗanda ke cikin siririn kube na kwaz a cikin bututu, gefen faya-fayai. Sun fi kusa da gaskiyar faifai, amma labari yana iso musu a makare, domin sai zafi ya ratsa gilashi. Na'urar sarrafawa tana haɗa biyun: na ciki ya faɗi inda ake so a kai, na waje ya riƙe linzamin wuta. Tana duba nisan da ya rage, da tsawon lokacin da aka yi ana kuskure, da saurin da ake matsowa, sannan ta yanke yawan lantarkin da za ta saki. Nicolas Minorsky ya rubuta tushen wannan dabara a 1922, yana nazarin yadda matuƙa ke riƙe akalar jirgin ruwa.

Duk da haka ma'auni yana tsufa. Wata da watanni a cikin wuta suna canza wayar filatinom, ta fara kaucewa sannu a hankali, ba ƙara ba alama. Allo zai ci gaba da nuna 1,000 alhali ciki ya zama 997. Saboda haka ake gwada ma'auni da wani da aka tabbatar, ake canza shi kafin ya mutu, ake kuma sa faifan gwaji a kowane zubi a auna kaurin fatarsa bayan an sauke. Faifan shi ne shaidan ƙarshe. Injiniyan da ya yarda da allo bai tambayi faifai ba, ya gina aikinsa a kan jita-jita.

Hawa da sauka

A irin wannan zafi, yawancin wutar ta hanyar haske take tafiya, kuma ƙarfinta yana hawa da tsananin sauri: in zafin da aka ƙirga daga sifilin asali ya ninka biyu, hasken da ke fita yakan ninka goma sha shida. Faya-fayai kuma a jere suke kusa da juna, kowanne ya yi wa na kusa da shi inuwa. Gefen faifai ne ke kallon wuta, tsakiya a ɓoye take. In ana hawa, gefe ya riga tsakiya zafi. In ana sauka, gefe ya riga ta hucewa.

Abin da ya yi zafi yakan buɗe. Gefe yana son buɗewa, tsakiya ta riƙe shi. A sanyi silikon mai gautsi ne, sai dai ya fashe. Amma in ya haura digiri 700 zuwa 800 yakan yi laushi, sahun ƙwayoyinsa su zame a kan juna. Zamewar nan takan bar layi a jikin faifai, duk taransistar da layin ya ratsa za ta riƙa yoyon lantarki. A digiri 1,100 zuwa sama, nauyin faifan kansa, wanda bai wuce giram 130 ba, yana iya jawo zamewa a daidai inda ya dogara. Shi ya sa a aikin zafi mai tsanani ake tallafe shi da zobe maimakon 'yan ƙafafu, ake kuma ƙera maɗorin da silikon kabayid.

Maganin wannan haƙuri ne da aka rubuta da lambobi. Ana shigar da maɗori a hankali, tanderu yana wajen digiri 600 zuwa 800. A jira zafi ya daidaita. A hau da 'yan digirori a minti ɗaya, in an kusa ƙololuwa a ƙara rage gudu. A sake jira kafin a buɗe gas. Sauka ma haka. Mai masana'anta yana son sauri, domin kowane minti kuɗi ne, amma a nan sannu ba ta hana zuwa, gaggawa kuwa tana iya ɓata faifai ɗari a zubi ɗaya.

Bakin tanderu: inda wuta da sanyi suka yi iyaka

Jama'a, yanzu mun iso wurin da ya fi ba masu wannan aiki wahala, wurin da littattafan aji ba su cika tsayawa a kai ba.

A ƙasan bututu, gilashi yana zaune a kan leɓen ƙarfe, murfi kuma yana rufe leɓen. Dole mahaɗar ta toshe ruf, domin iskar waje in ta shiga za ta ɓata aiki, gas na ciki in ya fito zai iya kisa. Silen yana kamawa da wuta da kansa da zarar ya haɗu da iska. Abin da ke toshe wannan mahaɗa zoben roba ne. Irin robar Viton tana jure kimanin digiri 200. Mai tsada, irin Kalrez, wasu nau'o'inta suna kaiwa wajen 300. Ku duba lamarin: faifai yana digiri 780 ko 1,000, ƙasa da shi kaɗan kuma ga roba da za ta ƙone in ta wuce 200 ko 300. Rayukan ma'aikata da dukiyar da ke cikin bututu duk sun rataya a kan wannan zobe.

Ana kare shi ta hanyoyi da dama. Gindin da maɗori ke zaune a kai an yi shi da faranta na kwaz hawa-hawa, kowane faranti ya tare haske ya mayar da wani sama. Gilashi garai-garai yana jan haske ta cikin jikinsa har zuwa ƙarshensa, don haka ake yin ƙasan bututu da farin kwaz mai cike da ƙananan kumfa, wanda ke warwatsa hasken kafin ya kai ga roba. Sannan an huda hanyar ruwa a cikin leɓen ƙarfen, ruwan sanyi yana zagayawa dare da rana. Akwai na'urar da ke lura da gudun ruwan, in ya tsaya ta yanke wuta ba tare da jiran umarnin kowa ba.

To me zai hana a sanyaya wurin sosai a huta? Ku tuna naitirayid da na ce ku riƙe. Haɗuwar daikulorosilen da amoniya tana haifar da wani gishiri, amoniyom kulorayid. Muddin yana da zafi, hayaƙi ne, injin zuƙa zai janye shi. Da zarar ya taɓa wurin da bai kai wajen digiri 150 ba, sai ya daskare ya zama farin gari. In leɓen ƙarfe ya yi sanyi da yawa, garin zai taru a bakin tanderu. Ranar da aka buɗe murfi ko iska ta motsa, ya tashi ya sauka a kan faya-fayai, kuma ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta kashe aisi. In ya sha danshin iska kuma, ya ci ƙarfen.

Gaba kura, baya sayaki. In zafi ya yi yawa roba ta ƙone, in sanyi ya yi yawa gari ya taru. Tsakanin biyun akwai 'yar tazara, a cikinta ake so leɓen ya zauna, ko tanderu yana hawa ko yana sauka. Don haka za ku ga a wuri ɗaya an sa ruwan sanyaya kusa da zobe, an kuma sa abin ɗumamawa a jikin murfi. Bututun fitar da hayaƙi an naɗe shi da rigar lantarki, har bawul da gwiwa, don kada a bar ko taki ɗaya mai sanyi. Can gaba, kafin injin zuƙa, sai a ajiye tarko mai sanyi da gangan, gishirin ya daskare a inda aka shirya masa, a cire a wanke. Ana kuma hura naitirojin a kewayen sandar da ke juya maɗori, don gas kada ya kai ga mahaɗarta.

Wannan shi ne abin da nake nufi da kowane sashe da zafinsa. Faifai yana da nasa, roba tana da nata, bututun hayaƙi yana da nasa, tarko yana da nasa. Duk wanda aka ba shi zafin ɗan'uwansa, aiki ya lalace.

Gilashi ma yana da iyaka

Kwaz yana jure canjin zafi fiye da gilashin taga nesa ba kusa ba, amma in ya daɗe sama da digiri 1,100 yakan fara lanƙwasa, fuskarsa kuma ta rikiɗe ta yi fari tana ɓarɓashi. Gishirin gumin hannu yana hanzarta wannan, shi ya sa ba a taɓa shi sai da safar hannu. Kwaz mai tsabtar da wannan sana'a ke nema ba ko'ina ake samunsa ba. Garin Spruce Pine a jihar Karolina ta Arewa yana cikin manyan wuraren haƙo shi, kuma da guguwar Helene ta tsayar da aiki can a Satumbar 2024, masana'antun duniya sun zuba ido.

Rufin da ke kwanciya a kan faifai yana kwanciya a bangon bututu ma, zubi bayan zubi. Shi da gilashi ba sa buɗewa da tsukewa daidai, in bututu ya huce rufin ya tsattsage ya zubo. Saboda haka ba a kashe tanderu tsakanin aiki da aiki, a ɗumame yake kwana, ana kuma lissafin kaurin da ya taru don a wanke kafin ya kai ga zubowa.

Daga nan za ku gane abin da ɗaukewar lantarki take nufi a wannan masana'anta. A girgizar ƙasar Taiwan ta 21 ga Satumba 1999, wuta ta ɗauke a masana'antun garin Hsinchu, bututan kwaz suka farfashe, faya-fayan da ke ciki suka salwanta. A Fabrairun 2021 tsananin sanyi ya durƙusar da lantarkin jihar Texas, masana'antun Samsung da NXP da Infineon da ke Austin suka tsaya, aka ɗauki makonni kafin aiki ya koma daidai.

Kason zafi

Akwai wani lissafi da ke bin faifai tun daga farko har ƙarshe. Duk shigar da ya yi wuta, ƙwayoyin boron da fosforos da aka riga aka zaunar sukan ƙara matsawa. Don haka kowane faifai yana da kason zafin da zai iya ɗauka a rayuwarsa, ana kuma kashe shi da tsari: ayyukan wuta mai tsanani a farko, masu sauƙi a baya. Da zarar an shimfiɗa wayoyin alminiyom ko tagulla, ba a cika wuce digiri 400 zuwa 450 ba.

Da taransista ta ƙanƙance, awa guda a tanderu ta zama ɓarna ga wasu ayyuka. Sai aka fito da gashin gaggawa: faifai ɗaya tak a ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi, ya haura digiri 1,000 cikin 'yan daƙiƙoƙi ya sauko. A nan da hasken da faifai ke fitarwa ake auna zafinsa, wannan ma da tasa matsalar, domin ƙasa da wajen digiri 600 hasken zafi yana ratsa silikon ya wuce, rufin da ke jikin faifai kuma yana canza yawan hasken da yake fitarwa. Duk da haka tanderun tsaye bai yi ritaya ba. Inda ake son rufi mai kauri ɗaya a kan faifai ɗari lokaci guda, har yau shi ake nema.

Kammalawa

Manyan masana'antun aisi suna Taiwan da Koriya ta Kudu da Japan da Sin da Amurka da Turai. Amma abin da ke fitowa daga irin wannan tanderu yana kan rufin gidajenmu. Farantan sola da ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, suke kunna firjin magani a asibitocin karkara, silikon ne da aka gasa a bututun kwaz, aka shigar masa da fosforos a digiri 800 zuwa 900. Ingancin farantin da manomi ya saya ya danganta da yadda wani ya riƙe zafin nan.

Ilimin kuma bai tsaya ga silikon ba. Tanderun siminti a Sakkwato da Ashaka da Malbaza yana kaiwa wajen digiri 1,450, shi ma yana da ma'aunin da ke tsufa, da bangon da ke tsagewa in an yi masa gaggawa, da sassan da dole a sanyaya. Haka tukunyar tururi a masana'anta, haka na'urar kashe ƙwayoyin cuta a asibiti.

Don haka ina kira ga ɗalibai da abubuwa uku. Ku riƙi darasin tafiyar zafi da na sarrafa na'ura da muhimmanci, ku yi lissafinsu da hannunku har ku san abin da digiri ɗaya yake jawowa. Duk ma'aunin da aka miƙa muku, ku tambayi yaushe aka gwada shi, da me aka gwada shi. In kun shiga wurin aiki, ku duba zoben roba da bututun ruwa da mahaɗar waya kamar yadda kuke duba babban inji, ku rubuta abin da kuka gani ko da ba wanda ya tambaye ku.

Ga malamai da shugabannin makarantu kuma, ƙaramin tanderun bututu da tagwayen waya da na'urar sarrafa zafi ba su fi ƙarfin sashen kimiyya ba. Ɗalibin da ya auna zafi daga bakin bututu zuwa tsakiyarsa, ya zana yadda yake hawa da sauka, ya gwada ma'auninsa da ƙanƙara da tafasasshen ruwa, ya kama hanyar wannan sana'a. A sama musu kayan, a kuma ba su lokacin yin gwajin da kansu.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu yi aiki da shi.